Kurakuran da sababbin direbobi ke yi a yashin bakin teku na K'gari

Da zarar hutun Disamba ya matso, zafi ya fara tashi a jihar Queensland, sai wayata ta hana ni sakat. 'Yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kawo Ostireliya, wannan ya sayi mota mai ja da taya huɗu, wancan ya ɗauko ta haya, kowa na son kai iyali K'gari. Ina murna da hakan. Abin da ya ishe ni shi ne a gaya wa mutum magana dalla-dalla, ya ce ya ji, ya je ya aikata ainihin abin da na bara ya aikata. Shi ya sa na zauna na rubuta. Abin da ke ciki yadda nake yi ne, wani tsohon hannu zai iya saɓa mini a wasu wuraren.

Ga wanda bai san wurin ba, K'gari shi ne tsibirin da aka daɗe ana kira Fraser, sai a 2023 gwamnatin jiha ta mayar masa da sunan da mutanen Butchulla, 'yan asalin wurin, ke kiransa da shi. Tsawonsa ya haura kilomita 120, babu tsibirin yashi da ya kai shi girma a duniya, kuma tun 1992 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya. Gaɓarsa ta gabas ita ce babbar hanyar mota. Dokar titi tana aiki a kanta: hannun hagu, ɗaura bel, iyakar gudu kilomita 80 a awa, a hanyoyin cikin daji kuwa 30. 'Yan sanda na tsayawa a kan yashin da na'urar auna gudu. Sai ka sayi takardar izinin shiga da mota daga hukumar gandun daji ta jihar kafin ka hau jirgin fito. Kada ka bar wannan sai ka isa bakin ruwa, inda waya ke iya ƙin kama intanet.

Babban kuskure, wanda ya fi cin motocin mutane, shi ne fita ba tare da duba lokacin cikowar teku ba. Mutanenmu da yawa sun san rairayi. Wani zai ce maka ya tuƙa hanyar Agadez zuwa Dirku, wani ya ce a Yusufari ya koyi mota. Gaskiya ne, kuma sanin yana da amfani. Amma in ka kafe a sahara, yashin zai jira ka har gobe. A bakin teku kuwa ruwa na tafe, ko ka fita ko ba ka fita ba.

Teku yana cikowa sau biyu, yana janyewa sau biyu, a cikin awa 24 da kusan minti 50. Saboda haka lokacin cikowar gobe zai yi jinkiri da wajen minti 50 a kan na yau, kuma wanda ya ce "jiya ma ƙarfe goma muka wuce nan lafiya" bai faɗi abin dogaro ba. Mu da muke lissafi da wata muna da sauƙi guda: a farkon wata da tsakiyarsa, wajen sha huɗu zuwa sha biyar, ruwa ya fi hawa sosai, har ya kan taɓo gindin tudun yashi ya rufe hanya ɗungurungum. Hukuma na cewa a guji awa biyu kafin cikar ruwa da awa biyu bayanta. Ni na fi hukuma tsanani. Awa biyu kafin ƙarshen janyewa da awa biyu bayansa, nan kawai nake tafiya mai nisa. In lokacin ya kuɓuce mini, in zauna in dafa shayi.

Wannan kuskuren ya ci mini mota sukutum. Wani ƙanena a zumunci, ɗalibi, ya are ta zai kai abokansa Rainbow Beach, garin da ake bi a je mashigin jirgin fito. Na buga masa jadawalin ruwa a takarda, na ja layi a ƙarƙashin lokacin da ya kamata ya juyo. Hira ta yi daɗi, suka makara. Da suka iso duwatsun Mudlo, waɗanda kowa a garin ya san yawan motocin da suka hallaka, ruwa ya fara lasar dutse. Maimakon ya koma ya jira janyewa, sai ya ce zai ratsa tsakanin igiya da igiya. Taya ta faɗa rami, igiya ta zo ta kwashe yashin da ke ƙarƙashinta, motar ta zauna a kan cikinta. Alhamdu lillahi sun fito da ransu. Motar kuwa ruwa ya shiga har kujeru, aka jawo ta da kuɗi mai yawa, wayoyinta suka bi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe masu sayen ɓaraguzan mota suka ɗauke ta. Ban riƙe yaron a zuciya ba, amma har yau in na ji wani ya ce "ai za mu wuce kafin ruwan ya iso" sai raina ya ɓaci. Malam, ba za ka wuce ba! Yashin da ruwa ya ratsa ba ya riƙe taya, kuma duk igiyar da ta koma da naka yashin take komawa. In ka ga ruwa na taɓa dutse, juya. A Hook Point, kudancin tsibirin, akwai hanyar tudu da aka tanada don irin wannan lokacin. Tana da gargada, tana cin lokaci, ka bi ta.

Sai iskar taya. Mutum zai baro kwalta da iska 35 ko 40 a ma'aunin PSI, ya doshi yashi mai laushi na Inskip Point, mashigin jirgin fito, a haka, ya kafe a gaban jirgin fito, layi ya taru a bayansa. Taya mai tauri huda yashi take yi. In ka rage mata iska sai ta shimfiɗu ta yi tsawo kamar tafin raƙumi, nauyin mota ya bazu. Ni 18 nake sauka kafin in taka yashi, in wuri ya yi laushi ƙwarai in koma 15. Wasu na cewa 20 zuwa 25 ta isa, kuma nauyin mota da irin taya suna da nasu hukuncin. Ka sayi ma'auni naka da famfon da ake haɗawa da batir, kada ka auna da ido. Ka kuma sani taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu, ba ta son a murɗe sitiyari farat ɗaya, tana iya zamewa daga ƙarfenta motar ta kife. Allo ya ce 80, ni ba na wuce 60. Wannan 80 ɗin ma a da 100 ce. Bayan haɗurran 2009 da suka ci rayukan baƙi 'yan yawon buɗe ido aka rage ta, aka kuma hana motocin haya ɗaukar fiye da mutum 8 ko ɗora kaya a rufi.

In ka kafe, ɗauke ƙafarka daga totur. Duk juyin da taya ta yi a wuri guda kabari take haƙa wa motar. Sauka, ƙara rage iska, kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, sa ƙaramar giya mai ƙarfi, gwada komawa baya a kan sawunka a hankali.

Yanzu ga wanda nake so a karanta sau biyu, don wannan kisa yake yi. Akwai igiyar fizga, mai talewa, da ake ciro motar da ta kafe. Akwai kuma dunƙulen ƙarfen nan na bayan mota da ake maƙala tirela. Kada ka kuskura ka rataya igiyar a kansa. An yi shi ne don jan kaya sannu a hankali a kan titi, wuyansa ba ya jure fizga. In ya ɓalle, igiyar da ta miƙe sai ta harbo shi da ƙarfin da ke fasa gilashi ya fasa kan mutum. An rasa rayuka a ƙasar nan ta wannan hanya, kuma yawanci wanda ya tsaya taimako ne ko na kusa da shi abin ke samu.

Na tsaya taimakon wani bawan Allah da ya kafe, hancin motarsa a cikin yashi, sai dai a ja shi ta baya. Na sauke iyalina na ce su yi nisa, na ɗaura nawa gefen, shi ya ɗaura nasa ya ɗaga hannu cewa an gama. Ina ja na ji ƙara. Ƙarfen ya fasa gilashina na baya ya yage saman kujerar da 'yata ke zaune a kai kafin in sauke su. Mutumin ya yi ta ba da haƙuri, ya ce haka ya ga ana yi. To ina ka gani? Wa ya koya maka? Ka sayi mota ta dubban daloli, ka kasa tambayar inda ake ɗaura igiya? Tun daga ranar ba na jan kowa sai na ɗaura gefe biyun da hannuna, a ƙugiyar ceto da aka ƙera don haka aka ɗaure ta a ƙashin mota. 'Yan ƙananan zobban da ke ƙarƙashin wasu motoci na ɗaure motar ne in an ɗora ta a kan jirgi, su ma ba na yarda da su. Ina jefa bargo mai nauyi a tsakiyar igiyar, ina korar 'yan kallo nesa, fiye da tsawon igiyar sau ɗaya da rabi. Wanda ya ga na cika tsanani ya nemi wani ya ja shi.

Ƙananan kurakuran kuwa ga su a taƙaice. Rafukan ruwan daɗi da ke ratsa gaɓa, irin Eli Creek, suna yanka gefe mai tsayi da ba a gani sai an iso, kuma suna sauya hanya, don haka sauka ka taka da ƙafa kafin ka shiga. Kada ka tsaya a tsakiyar rafi. Wajen gawar jirgin ruwan Maheno, wanda guguwa ta jefo gaɓa a 1935, jama'a na yawo, kuma ƙarar teku ba ta barin yaro ya ji motarka. Ƙananan jiragen sama na sauka a kan gaɓar, su ke da hanya. In mota na tahowa, kunna sigina ta hagu ta san ɓangaren da za ka bi. Kada ka bar yaro ya yi nisa da kai ko abinci a waje, saboda karnukan dajin nan, dingo. Ka bar tuƙin dare.

Sai abin da ke sa ni jin kunya in na ga ɗan'uwa ya yi shi: hawa tudun yashi da taka ciyawarsa don a ɗauki bidiyo a sa a TikTok. Ciyawar nan ita ke riƙe tudun, tudun shi ke tare teku. A busasshen yashin da ke sama da iyakar ruwa wasu tsuntsaye ke yin ƙwai a ƙasa, launinsa ɗaya da yashi, ba za ka gan shi daga mota ba. Garken tsuntsayen da kake kora da hon don ya tashi ka ji daɗi, a cikinsa akwai waɗanda suka taso tun daga Siberiya da Alaska, hutun nan shi ne ƙarfin komawarsu. Daga Nuwamba zuwa Maris kunkurun teku na fitowa yin ƙwai, kuma ɗan da ya ƙyanƙyashe in ya faɗa sawun taya sai ya yi ta bin ramin maimakon ya kai ruwa. Masu bincike a Jami'ar Sunshine Coast sun daɗe suna nuna yadda ƙaguwa da sauran ƙananan halittun cikin yashi ke raguwa a gaɓar da motoci suka yawaita.

Masu cewa a hana mota bakin teku baki ɗaya da waɗannan hujjoji suke magana, kuma hujjojin na gaskiya ne. Afirka ta Kudu ta yi hakan a 2001, lokacin da Valli Moosa ke ministan muhalli, aka hana motocin shaƙatawa gaɓar ƙasar in ban da masu izini na musamman. A Cape Hatteras ta Amurka tun 2012 sai da izini, kuma ana rufe wasu sassa lokacin ƙwai. Ni ra'ayina a bar mota a wuri irin K'gari, inda gaɓar ce hanyar mazauna da masunta da ma'aikatan gandun daji, a ƙayyade yawan motoci lokacin hutu, a rufe inda ake ƙwai, a tsananta tara. Gaɓar cikin gari da yara ke wasa kuwa ban ga abin da mota za ta je yi ba. Amma in muka ci gaba da hawa tudu da korar tsuntsaye, mu muke miƙa wa hukuma dalilin rufewa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuskuren da ke biyo mutum gida shi ne na gishiri. Kada ka bi ta cikin ruwan teku don ka ga ya fantsama, gishirin na shiga ƙashin mota da birki da mahaɗar wayoyi, tsatsa ta fara aikinta daga ciki. Da ka sauko daga jirgin fito ka mayar da iskar taya kafin ka hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. A Rainbow Beach akwai wurin wanke ƙasan mota, ina tsayawa a can, amma ba na wadatuwa da shi. In na isa gida sai in sa abin ban ruwan ciyawa a ƙarƙashin motar, in riƙa matsar da shi daga gaba zuwa baya, sannan in zura tiyo cikin ramukan ƙashin motar har sai ruwan da ke fitowa ya daina zuwa da yashi.