Yadda Ake Haɗa Batiri na Biyu da Sola a Motar da Ake Kwana Cikinta

Masu bin kasuwannin Jega, Kamba da Yawuri, da masu yawon wa'azi ko tallan magani, da yawa motarsu ce ɗakinsu. Ana son fanka, fitila, cajin waya, wani lokaci har da ƙaramin firij. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rataya duk wannan a kan batirin mota. Shi an ƙera shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya tada inji, ba ya jure a tsotse shi dare guda. In ana haka, asuba za ta yi kana neman masu turi, kuma cikin 'yan watanni ya mutu. Batiri na biyu ake sawa, a raba shi da na farko.

Kafin ka sayi komai, yi lissafin abin da za ka ci a yini. Ana ninka wat na kowane abu da awannin da zai yi yana aiki. Fanka biyu masu wat 20, awa 8: 320. Ƙwan fitila uku masu wat 5, awa 5: 75. Cajin waya shida: kamar 90. Firij mai kwamfuresa na bolt 12, a zafin Kebbi, ka ware masa 500. Jimla ta kusa 1,000. Raba da 12, wato bolt na batirin, ka sami 83Ah a yini; Ah shi ne ma'aunin wutar da batiri ke riƙewa. Batirin dalma ba a cin fiye da rabinsa, don haka mai 200Ah za ka nema. Na litiyam, irin LiFePO4, mai 100Ah ya wadatar, kuma nauyinsa bai fi kilo 13 ba, alhali na dalmar ya kai kilo 60. Kada ka ɗauko dogon batirin ruwa irin na gida. Gargadar hanya za ta riƙa fantsalo asid. In dalma za ka saya, nemi rufaffe, jel ko AGM.

Farantin sola mai wat 300 zai mayar da wannan wutar a rana guda, in an lissafa awa 5 na rana mai kyau aka cire kusan kashi 30 cikin 100 da zafi da ƙura ke ci. A haɗa shi da kwanturola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batiri, irin MPPT mai am 30. Batiri ake fara haɗawa da kwanturola, sannan faranti. In aka juya, wasu kwanturololin kan ƙone. A bar ratar santimita 3 zuwa 5 tsakanin faranti da rufin mota iska ta ratsa, a kuma riƙa goge shi kullum lokacin hunturu.

Don inji ma ya riƙa caji in ana tafiya, ana sa rile, wato makunni mai kunna kansa, mai jin ƙarfin wuta tsakanin batiran biyu. Yana haɗa su in wuta ta haura wajen bolt 13.3, ya raba su in an kashe mota. Amma wannan na dalma ne. Litiyam yana zuƙar duk abin da ya samu, har ya gasa altaneta, musamman in inji na aiki a tsaye. Shi caja ta DC zuwa DC yake so, mai ƙayyade wutar da zai ja daga injin, mai am 20 ko 30.

Inda mota ke kamawa da wuta kuwa, wajen waya ne da fis. Mutane na ganin bolt 12 ba ya jan mutum sai su raina shi, su manta cewa ƙarancin bolt shi ke sa am ya yi yawa. Inbata mai wat 1,000 tana fitar da am 4 da ɗoriya ta gefen bolt 230, amma ta gefen batiri tana jan kusan am 95. Wayar da za ta ɗauki wannan ita ce mai kaurin 35mm², tsawonta kada ya wuce mita ɗaya da rabi, da fis mai am 125. Tsakanin batiran biyu a sa 16mm², daga faranti 6mm², fitila da fanka 2.5mm².

Tsawo ma yana cin wuta, kuma zuwa da dawowa ake aunawa. Firij mai jan am 5 da ke nesa da batiri mita 5, in aka ja masa 1.5mm², kusan bolt 0.6 zai zube a hanya, sai ya riƙa ɗaukewa alhali batiri na da caji. Da 4mm² asarar ba ta fi 0.2 ba sosai. Waya mai gashi-gashi ake sawa, ba mai sanda ɗaya ta ginin gida ba, wadda jijjiga ke karyawa. Kuma ka kankare bakinta da wuƙa tun a shago: in fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, bar musu kayansu.

Fis waya yake karewa, ba fanka ko firij ba. Shi ya sa wurinsa jikin jan kan batiri, cikin santimita 20, ba can ƙarshen layi ba. Duk wayar da ke tsakanin batiri da fis ba ta da mai gadi. In ta goge ta taɓa bodi, ɗaruruwan am za su bi ta, ta yi ja kafin ka buɗe ƙofa. Wayar da ta haɗa batiran biyu fis biyu take so, ɗaya a kowane kai, tunda ta ko'ina wuta na iya zuwa. Kowane layi ƙarami da nasa fis a akwati ɗaya: am 5 ga fitilu, 10 ga fanka, 15 ga firij. Mai riwayar da ya ce zai naɗa maka zaren waya a madadin fis ɗin da ya ƙone, karɓi makullinka ka tafi.

Duk inda waya ta ratsa ƙarfe, a sa zoben roba a ramin. A matse kawunan da takalmin waya na jan ƙarfe, ba murɗawa da salatif ba, domin haɗi mai sako-sako shi ke ɗaukar zafi. Baƙar waya kaurinta ɗaya da ja, kuma in za a ɗaure ta a shasi sai an kankare fenti har ƙarfe ya fito.

A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan wuce digiri 40 a waje, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka nesa. Duk ƙarin digiri 10 bisa 25 yana kusan raba rayuwar batirin dalma biyu, litiyam kuma yawanci ba a son cajinsa sama da 45. A ajiye batiri ƙasa-ƙasa, nesa da inji da salansa, a ɗaure shi da ƙarfe, a yi wa akwatinsa kafar iska zuwa waje.

In za ka riƙa jona motar da wutar NEPA ko janareto in an sauka gida, dole a sa makunnin canji, yadda ita da inbata ba za su taɓa haɗuwa a layi ɗaya ba, da burekar kariya mai 30mA, mai yanke wuta in ta fara jan mutum, a gefen 230. Bayan an gama, kunna komai na rabin awa, ka bi kowane haɗi na gefen bolt 12 da bayan hannu. Wanda ya yi ɗumi a sake matse shi. Batirin dalma da ya huta, in mita ta nuna bolt 12.7 ya cika, in ta sauka 12.1 a kashe kaya har sai ya sha rana.