Yadda zaka sayi ɓaraguzan gini don ciko ba tare da an sauke maka bola ba

Duk wanda gininsa ya fito daga ƙasa ya kai matakin ciko ya san yadda kuɗin tifa ke cin aljihu, shiyasa mutane da yawa ke komawa kan ɓaraguzai, wato ragowar ginin da aka rushe ko ya faɗi, fasassun bulo da kankare da duwatsu. Kuma gaskiya dabara ce mai kyau, ni ina goyon bayanta, sau da yawa ma kyauta zaka samu saboda mai rusau ɗin so yake a share masa fili, kuɗin tifa da na lebura kawai zaka biya. Amma fa ɓaraguzai ba iri ɗaya bane, kuma abinda ka faɗa wa direba da bakinka shi za a sauke maka a ƙofar gida, in an sauke kuma an sauke kenan.

Toh farko ka san sunan abinda kake nema. A wajenmu tsakuwa daban, marmara da burji daban, yashi daban, ɓaraguzai daban, wannan kowa ya sani. Rikicin yana farawa ne idan injiniya ya rubuta maka takarda da Turanci ko kana gini a Abuja ko Legas inda ma'aikatan ba duka ke jin Hausa ba. Idan ka ce rubble, ragowar rusau kake nufi. Idan ka ce debris toh ka haɗa har da katako da leda da tsohon silin da duk tarkacen wurin, kada ka yi oda da wannan kalmar. Abinda injiniya ke rubutawa don ƙarƙashin daɓe shine hardcore, ma'anarsa abu mai tauri da aka farfasa aka tace, ko dutse ne ko tsohon kankare. Shi kuwa granite a bakin masu gini a Najeriya dutsen kwari ne, wato wanda aka fasa a ma'aikatar fasa dutse inji ya niƙa, mai girman rabin inci ko tiri-kwata (kashi uku cikin huɗu na inci), wanda ake kwaɓa kankare da shi, tsadarsa ba ta ciko bace.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai su da Faransanci suke haɗuwa, kuma can kalmomin sun yi kama da juna har suna iya ruɗa mutum. Gravats shine ragowar rusau, gravier tsakuwa ce ta kwaɓa kankare, bambancin 'yan haruffa ne amma kuɗinsu ba ɗaya ba aikinsu ba ɗaya ba. Décombres shine abinda zaka ji a labarai idan gini ya rufta kan mutane, remblai kuma cikon ne kansa ko da me aka yi shi. Wanda yake Sudan ko Chadi ko Saudiyya zai ji anƙad ko rukam a Larabci. Shawarata dai, ko wane harshe kuke yi kada ka tsaya a suna, ka ce wa direba ya turo maka hoton tarin ta WhatsApp, in da hali ma ka hau mashin ka je ka gani da idonka kafin a fara lodi, domin saman tifa kan zo da kyawawan fasassun kankare alhali ƙasa duk shara ce.

Idan ka je wurin ga abinda zaka duba. Ka tambaya wane irin gini ne aka rushe. Ginin siminti mai dakin (wato rufin kankare) da fila-fila shine mafi kyau, kankaren yana da nauyi, in ka buga masa guduma zaka ji ƙara kuma zaka ga tsakuwa a cikin fashin. Fasasshen bulo ma yana yi amma bai kai ba, musamman irin bulon da aka yi wa rowar siminti, wanda in ka murza da yatsa yake zubewa. Ginin ƙasa kuwa ka bar shi, tubalin laka in ya sha ruwa kumbura yake in ya bushe ya tsuke, daɓenka zai tsage. Haka ragowar masai da sokawe, ko kyauta da kuɗin mota aka baka kar ka karɓa.

Sai tacewa, kuma nan ne mutane ke yin ganganci saboda aikin akwai gajiya. Ka sa lebura biyu ko uku da shebur da diga da baro su baje tarin su tsince. Katako da guntun ƙofa da buhu da tsumma duk a fitar, katako yana ruɓewa ya bar rami a ƙarƙashin ɗaki sannan yana kiran gara, kuma gara in ta samu wurin zama a ƙarƙashin daɓe kai da rufinka sai addu'a. Leda da robobi a fitar. Farin nan na POP da ake silin da shi a fitar dashi gaba ɗaya, yana laushi in ya jiƙe kuma sinadarin da ke cikinsa yana lalata siminti a hankali. Rodi da ƙusoshi a ware gefe, 'yan gwangwan zasu saya ka rage kuɗin lebura, wanda ya ga yadda matasa suka riƙa fasa kankare suna zare rodi lokacin rusau ɗin Kano a 2023 ya san ƙarfen nan kuɗi ne.

Abinda nake so dan Allah a ɗauka da muhimmanci shine tsohon silin ɗin asbesto da kwanon rufinsa, wanda ya cika gidajen da. Kada a fasa shi, kada a daka shi, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, tana kawo cutar huhu da kansa bayan shekaru masu yawa lokacin da mutum ya manta ma ya taɓa yin aikin. A jiƙa shi da ruwa, a ɗauke shi a yadda yake a ƙulle a leda mai kauri a kai shi nesa da inda yara ke wasa. In tarin ya cika da shi kawai ka haƙura da tarin. Kuma leburan nan 'ya'yan wasu ne, ka saya musu takunkumi da safar hannu, ka hana su shiga da silifas, wanda ƙusa ta soka a kai shi a yi masa allurar tetanus ranar, ba a shafa baƙin mai a ci gaba da aiki ba. A riƙa yayyafa wa tarin ruwa don ƙura ta kwanta.

Bayan an tace sai fasawa. Manyan a farfasa su da babbar guduma har su dawo kamar dunƙulen hannu, don in ka jefa ƙatoton kankare a yadda yake zai bar kogo a ƙarƙashinsa, shekara ɗaya biyu ƙasa ta zauna tayil ya fara ƙara in an taka. Kada a juye tifa guda a ɗaki a baje a ce shikenan. A zuba kamar inci 6, a watsa marmara ko yashi ya shiga tsakankanin, a ba shi ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wani inci 6 ɗin a sake. In zaka iya hayar injin daɓe na yini ɗaya ka yi, ya fi ƙarfin hannu nesa ba kusa ba, in babu a samu gwangwanin fenti a cika shi da kankare a kafa masa sanda a riƙa dukan ƙasa dashi, a kula da kusurwa da jikin bango don nan ne ake tsallakewa. Ka bar shi ya kwana biyu yana shan ruwa, in damina ce ma ruwan sama zai taya ka. Daga nan yashi kamar inci 2 a sama don kaifin duwatsun kada ya huda leda, sai a shimfiɗa leda mai kauri saboda danshi, sai kankare inci 4.

Wani zai ce toh tunda tsohon kankare ne me zai hana in niƙa shi in zuba dakin dashi in huta da sayen dutse. A'a malam. Gaskiya ne an taɓa gina birane da ɓaraguzai, bayan yaƙin duniya na biyu mutanen Warsaw a Poland sun niƙa nasu da suke kira gruz suka buga bulo dashi, unguwar Muranów a kan ɓaraguzai aka gina ta kuma da su, a Berlin ma mata ne da yawa suka riƙa goge tsofaffin jan bulo ɗaya bayan ɗaya ana sake gini da su, ragowar da ba ta moruwa aka tara har ta zama tsaunin Teufelsberg. Har yau a Turai ana niƙa tsohon kankare a sake amfani dashi, amma da inji ake yi, a tankaɗe, a gwada ƙarfinsa kafin a yarda dashi. Naka na bakin titi babu wanda ya gwada, yana shan ruwa fiye da dutse, ga tsohon siminti manne a jikinsa, baka san ƙarfinsa ba. Don haka fila da linta da dakin da duk abinda zai ɗauki nauyi a saman kan iyalinka, dutsen kwari zaka saya. Ɓaraguzai a ƙarƙashin daɓe, da tsakar gida, da wurin ajiye mota, da ramin ƙofar gida.

Game da ramin ƙofar gida ma akwai magana. In zaka cike lungu ka fara yi wa maƙwabta magana, ka duba inda ruwa ke bi, domin in ka ɗaga gabanka ruwan gidan na ƙasa da kai zai shiga, kuma kada ko kwanon sarki ɗaya ya faɗa cikin kwata, abinda ya zube a kwashe a ranar kafin hadari ya haɗo. Wanda ya yi ragowa ka tara shi waje guda, akwai mai neman sa a layinku.