Ga mai niyyar leƙa gidan wasan Globe a Landan

Jama'a, duk wanda tafiya ta kai shi Landan da bazara, ya daure ya shiga gidan wasan kwaikwayo na Globe, bakin kogin Thames. Na asalin ya ƙone a 1613. Wannan a 1997 aka buɗe shi, da rufin ciyawa irin na da.

Ku sayi tikitin tsayuwa. Ya fi araha, kuma kuna dab da dandamali, har gumin goshin 'yan wasa za ku gani. Sai dai tsakar gidan ba rufi, an kuma hana buɗe lema, don haka ku riƙo rigar ruwa. Mai ciwon gwiwa kam ya nemi wurin zama, ya karɓi hayar matashi, don bencin katako ne zalla.