Babi na 6: Motar da Ke Tashi Yau, Gobe Ta Ƙi

Darasi na 1: Saurara kafin ka taɓa komai

Tsohuwar mota, irin Golf ko Fijo 504 da ke jigila tsakanin Katsina da Daura, takan yi wannan hali. Da safe ta tashi da murɗa makulli ɗaya. Ka tsaya a Mashi ka yi sallah, ka dawo, ta yi gum. A tura ta, ta tashi. Ka kai ta gareji, a gaban bakanike kuma lafiyarta ƙalau. Yawanci wani abu ne ya yi sako-sako, wani lokaci ya haɗu, wani lokaci ya rabu.

Kashe rediyo. Murɗa makulli. Kasa kunne. Ko dai ka ji shiru, ko ka ji "ƙas" sau ɗaya, ko "kar-kar-kar" da sauri, ko kuma injin ya yi ta juyawa bai kama ba. Ɗauko littafinka ka rubuta abin da ka ji, da lokacin: safe ne ko rana, injin da zafi ko da sanyi. Ko rubutun bai miƙe ba, rubuta. A hankali hannu zai saba.

Darasi na 2: Kan batir

Idan shiru ka ji, ko "ƙas", ko "kar-kar-kar", daga nan za ka fara. Kashe mota, zare makulli, buɗe bonet. A saman batir akwai kawuna 2. Ɗaya yana da alamar + , wato alamar tarawa da muka koya a darasin lissafi, wayarsa galibi ja ce. Ɗayan yana da alamar − , alamar ɗebewa, wayarsa galibi baƙa ce. Kada ka dogara da launi kaɗai, domin a tsohuwar mota an sha canja wayoyi. Dubi alamar. Sa yatsa ka nuna ta, ka faɗi sunanta da bakinka.

Yanzu kama kan da hannu ka gwada juya shi. Idan ya motsa ko kaɗan, to ga ɓarawon nan. Idan ka ga farin gari ko kore-kore ya taru a kai, shi ma yana tare wuta.

Ɗauko sifana, yawanci lamba 10. Fara kwance mai alamar −. A sake ji: mai alamar − ake fara cirewa. Dalili kuwa shi ne wayarsa a jikin ƙarfen mota take ɗaure. Idan ka fara da mai + , sifana ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta yi tartsatsi, ta ƙona maka hannu, batir ma yana iya fashewa. Cire zobe da agogo. Kada a matso da taba ko ashana.

Wanne ake fara cirewa? Mai −. Madalla. Sannan mai +.

Jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi, ka tsoma tsumma ka goge garin nan, ka kula kada ruwan ya shiga cikin batir, kada kuma ka taɓa idonka. Goge kan da cikin zoben wayar da ke kama shi da samfefa har su yi ƙyalli. Wajen mayarwa sai a juya tsari: mai + da farko, mai − a ƙarshe. Ɗaure da sifana. Sake kamawa da hannu ka juya. Ya motsa? Bai ɗauru ba, ƙara ɗaurewa. Bi baƙar wayar nan har inda aka ɗaure ta a jikin mota, can ma ka gwada.

A nan ne nake ganin gaggawa tana cin mutane. Magidanci da gemunsa ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa kan batir, ko ya cusa ƙusa, ya ce ai ta tashi. Haba malam! Wannan ba gyara ba ne, gobe a tsakiyar hanya da iyali za ta tsaya maka. An faɗa, an maimaita, amma har yanzu wasu da mai + suke farawa. Cirewa, − da farko. Mayarwa, − a ƙarshe. Rubuta shi a bangon littafinka.

Darasi na 3: Ƙarfin batir

Kai wa mai rewaya ya auna. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 (ma'aunin ƙarfin wuta) idan mota a kashe take. Idan tana aiki, ya kamata a ga kusan 14. In bai kai 13 ba, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji. Sanyin hunturu yakan tona asirin batir mai rauni, zafin bazara kuma yana ƙafar da ruwansa.

Darasi na 4: Kik da mai

Batir lafiya, kawuna a ɗaure, amma "ƙas" kawai kake ji? A duba kik, wato na'urar da ke juya injin idan ka murɗa makulli. Mota mai giyar otomatik, gwada tayar da ita a N, wato firi. Idan injin yana juyawa bai kama ba, kada ka wuce daƙiƙa 10 kana murɗawa. Duba mai a tanki, duba fiyus.

Darasi na 5: Wurin bakanike

Tafi da littafinka, ka karanta masa abin da ka rubuta kafin ya ce a sayo wani abu.