Shawara ga masu neman shiri mai dogon zango na kallo da iyali

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga masu tambayar shirin da za a kalla da iyali bayan sallar isha'i, ni dai Daɗin Kowa na tashar Arewa24 nake sa wa a gaba, domin rayuwar unguwa yake nunawa, da almajirci da shaye-shayen matasa da zaman kishiyoyi, abubuwan da duk muke gani a nan Maraɗi. Wanda hankalinsa ya fi karkata ga siyasa kuwa, ya nemi Kwana Casa'in, wanda aka fara a 2019, amma ya soma daga zango na farko, in ba haka ba rikicin Alfawa, ƙirƙirarriyar jihar da labarin ke faruwa a cikinta, ba zai fahimtu ba.

Shawarata ita ce magidanci ya fara kallon kashi biyu ko uku shi kaɗai kafin ya tara yara a gaban talabijin, musamman finafinan Indiya da ake fassarawa, waɗanda sau da yawa tsaftar maganarsu ba ta kai ta hotonsu gyara ba. Mai kallo ta YouTube kuma ya rage ingancin hoton zuwa 360p, a allon waya yana fita sarai, kuɗin intanet ɗinsa kuma zai daɗe.