Yadda za ka naɗa wakilin jinya a Amurka tun kana iya magana

Terri Schiavo tana da shekara 26 lokacin da zuciyarta ta tsaya a gidanta a Fulorida, ranar 25 ga Fabrairu, 1990. An farfaɗo da ita, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta lalace. Tana numfashi da kanta, tana buɗe ido, ba ta san inda take ba, ana ba ta abinci ta robar da aka sa mata a ciki. A 1998 mijinta ya nemi kotu ta yarda a cire robar, iyayenta suka ce ba su yarda ba. Majalisar jihar ta yi doka saboda ita kaɗai a 2003, Gwamna Jeb Bush ya sa aka mayar da robar, kotun ƙolin jihar ta soke dokar a 2004. A Maris 2005 har Shugaba George W. Bush ya baro Texas ya sa hannu kan wata doka cikin dare. Ta rasu ranar 31 ga watan. Shekara bakwai ana shari'a a kan tambaya ɗaya: me ita kanta take so? Ba ta bar komai a rubuce ba.

Bahaushen da ke zaune a Bronx ta birnin New York ko wani gari na Amurka yana ƙarƙashin irin wannan doka. Ga abin yi don ka naɗa wakilin jinya a rubuce, wato wanda zai yanke hukunci kan jinyarka idan ka kasa magana.

Fara da sanin wanda doka za ta ba magana idan ka yi shiru. A New York, idan kotu ba ta naɗa waliyyi ba, miji ko mata ne a gaba, sai 'ya'ya baligai, sai iyaye, sai 'yan'uwa, sai aboki na kusa. Fulorida ma kusan haka take jerawa. Yayanka da kowa ke jin maganarsa a gida yana can ƙasa a wannan jeri. Dokar ƙasar mata ɗaya ta sani. Idan akwai auren takarda da ba a raba a kotu ba, mai wannan takarda na iya zama ita asibiti zai saurara, ko da uwar 'ya'yanka na nan tsaye a bakin gado.

Sai ka zaɓi wakili guda ɗaya, da mataimaki idan ba a samu na farko ba. Kada ka ce 'ya'yana duka su haɗu su yanke. Jirgin da ke da matuƙa da yawa ba ya kai gaci. Nemi wanda waya ke samunsa da ƙarfe uku na dare, wanda ke jin Turanci ko ba ya jin nauyin neman tafinta, wanda zai iya faɗa wa likita da dangi maganarka ko da ta saɓa wa son ransa. Wanda ke Kano ko Yamai ko Akara, sai ya nemi biza kafin ya zo, ka sa shi cikin masu shawara kawai.

Kafin ka cika takarda, zauna da malamin da ka amince da iliminsa, ka kai masa tambayoyi a rarrabe, domin halaye uku ne mutane ke cakuɗawa.

Na farko mutuwar ƙwaƙwalwa, inda inji ne kaɗai ke hura huhu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ɗauki wannan a matsayin mutuwa, ta halatta cire injin. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmi ta duniya) a Makka, a 1987, ta halatta cire shi idan ƙwararrun likitoci uku sun tabbatar, amma ta ce ba a hukunta mutum da mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Na biyu cutar ajali da magani ya daina amfani, inda ake tambayar ko a danna ƙirji idan zuciya ta tsaya; kwamitin fatawa na Saudiyya ya halatta barin hakan idan likitoci uku amintattu sun ga babu amfani. Na uku shi ne halin Terri, kuma shi ya fi wuya, don ƙwaƙwalwarta ba ta mutu duka ba, fatawoyin 1986 da 1987 ba su shafe ta ba. Malamai da yawa suna ganin ci da sha ba magani ba ne da za a yanke. Fafaroma John Paul na biyu ma haka ya faɗa a Maris 2004, don haka Kirista ɗan Katolika ya tattauna da fadansa. Kotunan Amurka kuwa suna lissafa robar abinci cikin jinyar da mutum ke da ikon ƙi. Shan maganin kashe kai da taimakon likita, wanda jihar Oregon ta fara aiki da dokarsa a 1997, wani abu ne dabam, malaman Musulunci sun haramta shi.

Yanzu takardar. Kowace jiha da tata, kyauta ce a shafin ma'aikatar lafiya ko a asibiti. A New York sunanta Health Care Proxy, ba ta buƙatar lauya. Ka sa hannu da kwanan wata a gaban shaidu biyu baligai, kuma wakilin ba zai zama shaida ba. A Fulorida dole ɗaya cikin shaidun ya zama ba matarka ba, ba kuma ɗan'uwanka na jini ba. A nan ake yawan kuskure: a tara 'yan gida su sa hannu, daga baya a ce takardar ba ta cika ba.

Kada ka tsaya a kan "a yi mini bisa Musulunci". Likita bai san mazhabarka ba, dangi kuma kowa zai kawo nasa malamin. Rubuta abu huɗu dalla-dalla: injin numfashi, danna ƙirji, wankin ƙoda, robar abinci da ƙarin ruwa. A kan kowanne ka faɗi ko kana so, da har zuwa yaushe, misali a gwada injin na mako biyu sannan a sake dubawa. Na huɗun kada ka tsallake shi ko kaɗan, domin a New York wakili ba shi da ikon yanke hukunci kan abinci da ruwa ta roba sai an san ya san ra'ayinka. Idan ba ka yarda mutuwar ƙwaƙwalwa mutuwa ce ba, rubuta. Dokar New Jersey ta 1991 ta hana a ayyana mutuwa ta wannan hanya idan ta saɓa wa addinin majinyaci, New York kuma ta wajabta wa asibiti yin sassauci gwargwado.

Ka sani takardar ba ta tilasta wa likita komai da komai. A Texas, dokar 1999 ta ba kwamitin asibiti damar dakatar da jinyar da ya ga ba ta da amfani bayan wa'adin kwana 10, aka mayar da shi 25 a 2023. Wakilin da ya samu irin wannan sanarwa ya fara neman wani asibiti a ranar.

Ma'aikatan motar asibiti ba sa aiki da takardar wakilci. Za su danna ƙirji. Mai ciwo mai tsanani da ba ya son haka yana buƙatar umarnin da likita ya sa wa hannu, wanda a New York ake kira MOLST, takarda ce ruwan hoda, a manna ta jikin firji. Takardar wakilci kuma a yi kwafi: ɗaya ga wakili, ɗaya ga mataimaki, ɗaya ga likitanka ya sa a fayil, hotonta a waya. Ka kira taron iyali, har da na gida ta WhatsApp, su ji daga bakinka. Idan ka yi aure, ko ka yi saki, ko ka koma wata jiha, cika sabuwa ka yaga tsohuwar.