Yadda ake gano abin da ya ƙone idan kwamfutar tebur ta ƙi tashi

Yaran da ke koyon gyara a wajena kusan dukkansu kuskure ɗaya suke yi, da an danna maɓalli an ji shiru sai ka ji "ai madabod ce ta tafi". Madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa, ita ce ta ƙarshe da za ka zarga. A ƙasar nan da NEPA ke ɗauke wuta ta dawo da ita da ƙarfi, ga janareta, fawa sufulai, akwatin da ke karɓar wuta ya rarraba wa kayan ciki, ita ce ke fara shan duka.

Ba zan tsaya kan soket da wayar wuta ba, ka canza waya ka gwada kawai. Amma leƙa bayan fawa sufulai ɗin, wasu tsofaffi suna da ɗan jan makunnin zaɓar ƙarfin wuta mai volt 115 da 230. In kwamfutar 'yar gwanjo ce daga Amurka aka bar ta a 115 aka jona ta a wutarmu, to ta riga ta buga, sau da yawa har ƙauri za ka ji in ka kai hanci.

Sai gwajin fawa sufulai, kuma a nan nake so ka nutsu. Zare wuta, cire babban filogin nan mai fil 24 daga madabod, cire na furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) mai fil 4 ko 8 da na sauran kayan. Samo kilif ɗin takarda ka lanƙwasa shi, ka soka kai ɗaya a ramin koriyar waya na filogin mai fil 24, ɗayan a ramin baƙar waya kowacce, sannan ka mayar da wuta. In fankar ba ta motsa ba, kusan an gama magana. In ta juya kuma, kada ka yi murna tukuna. Ni nan fanka ta taɓa yaudarata, ta juya lafiya lau, na ce wa mai kaya madabod ce, ya fitar da kuɗi muka sayo wata, aka ɗora, shiru dai. Da na sa mitar auna wuta ashe layin volt 12 ne ya zube. Wallahi har yau in na tuna fuskar bawan Allahn nan sai raina ya ɓaci, kuɗin kuma daga aljihuna na biya.

Don haka sai da mita. Juya ta zuwa DC, baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinken kuma ka bi sauran wayoyin da shi ɗaya bayan ɗaya, kilif na nan a soke: rawaya ta ba ka 12, ja 5, ruwan lemo 3.3. Mai ruwan shanshanbale kuwa 5 za ta ba ka ko ba a kunna ba, muddin akwai wuta a jiki. In rawaya ta yi ƙasa da 11.4 ko lambar na ta rawa, canza. Kuma ko mita ta nuna daidai, wata sai an ɗora mata nauyi take faɗuwa, shi ya sa ni dokata kowane mai gyara ya ajiye lafiyayyar fawa sufulai guda ta gwaji. Kada ka buɗe cikinta wai za ka gyara, manyan kafasitocin nan, wato 'yan gwangwanayen da ke ciki, suna riƙe wuta ko bayan an zare. Fawa sufulai mai arhar nan marar nauyi ma bar ta a kasuwa, ita ce ke kashe madabod. Wasu Dell da HP filoginsu daban ne, kada ka soka musu kilif da ka, wasu Dell ɗin akwai ɗan maɓallin gwaji a baya.

In fawa ta ci gwaji, mayar da filogai, nemo fil biyu a kan madabod masu rubutun PWR SW, inda wayar maɓallin gaba ke shiga, ka haɗa su da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Ta tashi, to maɓallin gaba ne ya lalace, gyaran banza.

Ba ta tashi ba, kwashe komai, bar furosesa da ram (sandar memori) guda ɗaya. Busa ƙurar hunturu, goge haƙoran ram da abin goge fensir, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod (CR2032) na 'yan mintuna, in bai kai 3 a mita ba sa sabo. Haska tocila ka duba kafasitoci, mai kumburin kai ko wadda ta yi tsatsa a sama, da baƙin tabo kusa da furosesa. Ta tashi a haka sai ka riƙa mayar da kaya ɗaya ɗaya har ka kama wanda ke kashe ta. In duk an yi wannan da fawa mai kyau kuma shiru, yanzu ka kira mai kaya ka ce masa madabod ce.